Shin sai an yi wa waya rutin kafin ta bi umarnin mai ita?

Wannan tambaya ta fito ne daga wani ɗan'uwa mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Ga abin da ya ce: "Salamu alaikum Oga. Wata uku ke nan da na sayi sabuwar waya, Android 13 ce a kanta. Talla ta hana ni sakat, ga wasu manhajoji da na tarar a ciki sun ƙi goguwa, rubutun fuskar ya yi mini manya-manya, kuma wani lokacin sai mai saye ya gaji da tsayuwa kafin alat ɗin banki ya shigo. Wani yaro a ƙarƙashin gadar Ikeja ya ce in kawo N5,000 ya yi mata rutin, komai zai daidaita. In kai masa?"

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Riƙe kuɗinka. Cikin abubuwa huɗun da ka lissafa babu ko ɗaya da sai da rutin ake gyara shi, na huɗun ma rutin ɗin ƙara dagula shi zai yi. Shekarata 14 ina buɗe cikin wayoyi a Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta ta Ikeja, kuma lokacin da rutin ke da amfani na yi wa wayoyi ba adadi da hannuna, saboda haka kada ka ɗauka tsoron aikin nake yi.

Kai a cikin wayarka kamar ɗan haya ne a gidan Legas. Kana iya yin fenti, ka sauya labule, ka ja gado daga wannan kusurwa zuwa waccan, amma ɗakin da wayoyin lantarkin gidan suke a kulle yake, makullin na hannun mai gida. Rutin shi ne ka ɓalle ƙofar wannan ɗakin. A zamanin Android 4 da 5 da ɗan danne-danne a wata manhaja irin su KingRoot ake ɓalle ta, kuma a lokacin akwai dalili, don wayoyin ba sa barin mutum ya taɓa kusan komai. Yau lamarin ya sauya. Kafin a yi rutin sai an buɗe abin da ake kira butloda, wato ƙofar farko da waya ke bi in za ta kunnu, kuma buɗe ta na share duk abin da ke cikin wayar, hotuna, lambobi, lissafin bashin da kake bin mutane, duka. Bayan haka Google na da tsarin da ke duba ko an taɓa waya, sunansa Play Integrity, manhajojin banki da dama kuma na tambayar sa kafin su buɗe. Akwai dabarun ɓoye rutin, na san su, amma wasan ɓuya ne da ba ya ƙarewa: yau ta buɗe, jibi an sabunta manhajar ta ƙi. A wayoyin Samsung abin ya fi haka tsanani, don akwai wani ɗan fis na Knox, tsarin tsaron Samsung, a cikin injin da ke ƙonewa da zarar an ɗora wa wayar tsarin da ba na kamfani ba, kuma ba ya komawa. Secure Folder, wato ma'ajiyar sirrin wayar, ta tafi ke nan har abada, ko an mayar da komai yadda yake. Garanti ma sai dai haƙuri. Wayar da kake karɓar kuɗin buhun albasa da ita ba ita ce ta gwaji ba, kada garin neman gira a rasa ido.

Zan fara da alat ɗin, don shi ne ke taɓa cinikinka. Ka fara tantance wanne ne ke makara. In saƙon tes ne, wannan tsakanin banki ne da kamfanin layi, babu abin da za a taɓa a wayar ya hanzarta shi. In kuwa sanarwar manhajar bankin ce, kusan kullum laifin tsarin tattalin batir ne. Wayoyin yanzu na kwantar da duk manhajar da ba a buɗe take ba don caji ya daɗe, ba su san wacce ce ta wasa wacce ce ta kuɗi ba. Danna tambarin manhajar bankin ka riƙe, shiga "App info", nemi "Battery", ka zaɓi "Unrestricted". A nan dai cikin "App info", wajen data, ka tabbatar an bar ta ta yi amfani da intanet ko ba a buɗe take ba. Saura mataki ɗaya da ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani: a Tecno da Infinix akwai jerin "Auto-start management", a Redmi "Autostart" ne, a Samsung kuma sai ka sa ta cikin "Never sleeping apps". Haka za ka yi wa manhajar kiran salla in ka lura tana yin shiru da Asuba, ciwon ɗaya ne. Sannan duk wata manhajar da ke iƙirarin share datti da ƙara wa waya gudu, wadda kai ka sauko da ita, goge ta. Aikinta ke nan kashe abubuwan da kake so su zauna a farke. Duk da haka, in cinikin babba ne, buɗe manhajar ka ga kuɗin da idonka kafin a ɗora kaya a baro. Alat ɗin bogi ya yi wa mutanenmu ɓarna a kasuwannin nan fiye da yadda ake faɗa.

Talla kuwa ba ta ƙofa ɗaya take shigowa ba, shi ya sa magani ɗaya ba ya kashe ta. Wadda ke sauko wa daga sama kamar saƙo, idan ta zo kada ka share ta da sauri. Danna ta ka riƙe, wayar za ta nuna maka wace manhaja ce ta aiko. Tun Android 8, a 2017, aka rarraba sanarwar kowace manhaja gida-gida, ta yadda za ka iya kashe ta talla ka bar ta ciniki. Sau da yawa za ka ga Chrome ce ta aiko, alhali ba ita ba ce, wani shafin sauko da fim ko na sakamakon ƙwallo ne ka taɓa danna masa "Allow" ba ka kula ba. Shiga saitunan Chrome, wajen "Site settings", sannan "Notifications", ka kori duk shafin da ba ka sani ba. Wadda ke fitowa a fuskar kulle kuwa, hotuna na sauyawa da ɗan rubutu a ƙasa, galibi tsari ne da ya zo da wayar, kuma ana kashe shi a saitunan fuskar kulle.

Mafi muni ita ce wadda ke rufe fuskar wayar gaba ɗaya kana tsakiyar kira ko lissafi. Wannan kusan kullum wata manhaja ce da aka turo maka ta Xender ko ta wani zauren WhatsApp. Duba jerin "Display over other apps", ka ga wa aka ba izinin hawa kan sauran. Sannan ka bi jerin manhajojin wayar daga sama har ƙasa a hankali. Sau da yawa nakan tarar da wata a can ƙarshe ba suna ba tambari, fili ne kawai fari, an yi haka ne don ido ya tsallake ta. In kana shakka, danna maɓallin kashe waya, ka riƙe yatsa a kan "Power off" har ta tambaye ka "Safe mode". A wannan yanayin abin da ya zo da wayar kaɗai ke aiki. In tallar ta ɗauke, to ɓarawon cikin kayan da aka saka daga baya yake.

Ga kuma wata dabara da na fi so saboda ba a sauko da komai. Daga Android 9 zuwa sama akwai wurin da ake kira "Private DNS", a saitunan hanyar sadarwa, a Samsung yana ƙarƙashin "More connection settings". Kafin wayarka ta ɗauko komai daga intanet sai ta tambayi adireshinsa, kamar baƙon da ya sauka Oshodi yana tambayar motar Agege. In ka rubuta dns.adguard-dns.com a wurin, ka sauya wanda ake tambaya ke nan, shi kuma duk adireshin da ya san na masu talla ne ba zai nuna hanyarsa ba. Tallar cikin ƙananan wasanni da shafukan labarai za ta ragu sosai, data ma ta ɗan huta. Amma kada ka sa rai a kan YouTube da Facebook, su tallarsu da kayansu ta hanya ɗaya suke fitowa. Ka kuma sani mai wannan adireshin na ganin sunayen shafukan da wayarka ke nema, ko da yake ba ya ganin abin da ka rubuta a ciki. Duk ranar da wata manhaja ta ƙi aiki ko intanet ya tsaya cak, mayar da shi "Automatic" ka gwada kafin ka zargi kamfanin layi. In kuma so kake ka hana wasu manhajoji taɓa data kwata-kwata, NetGuard na yin haka ba tare da rutin ba.

Girman rubutu ba abin dogon bayani ba ne. A "Display" akwai ma'auni biyu, na girman haruffa da na girman komai da ke fuskar, ja su baya har ya yi maka daidai. Launi kuwa, tun Android 12 wayoyi da yawa na ɗaukar launinsu daga hoton bangon da ka sa. In fasalin gaban wayar ne gaba ɗaya bai kwanta maka ba, ana sauya shi da manhaja irin Lawnchair ko Niagara, kuma ranar da ka gaji ka goge ta komai ya koma. Masu Samsung suna da Good Lock, wadda kamfanin da kansa ya yi, tana sauya agogon fuskar kulle da maɓallan ƙasa da abubuwan da a da sai da rutin muke taɓa su. Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai, wanda masu bidiyon Turanci ba za su faɗa maka ba: yawancin salon rubutun ƙawa da ake saukowa da su ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Za ka sa salon ya yi kyau, sai a turo maka "ƙarfe" ka ga harafin farko ya fita daban kamar baƙo a cikin sahu, wani lokacin ma ɗan akwati ne zai fito. Kafin ka amince da kowane salo, rubuta "ɓarawo ya ɗauki ƙwarya" ka duba. In allon rubutunka ba ya fitar da waɗannan haruffa, ƙara Hausa a harsunan Gboard, allon rubutun Google.

Yanzu manhajojin da suka ƙi goguwa, inda yaron gadar ya fi samun abin faɗa. Matakin farko, shiga "App info" na kowace ɗaya ka duba ko akwai "Disable". In akwai, danna. Ta daina aiki, ta ɓace daga fuska, ba ta cin data, ba ta cin batir. Ga mafi yawan mutane nan aikin ya ƙare. Waɗanda maɓallinsu ya dushe ba ya dannuwa su ne ke buƙatar ADB.

ADB ƙofa ce da Google ta bar wa masu ƙera manhajoji don su riƙa ba waya umarni daga kwamfuta. Ba ɓalle komai ake yi ba, ƙofar ma'aikata ce, ikonta ya fi na mai waya amma bai kai na rutin ba, kuma ba ta taɓa garanti. Ana buɗe ta ne ta "Developer options", wanda aka ɓoye tun Android 4.2: je "About phone", danna "Build number" sau 7, sa lambar sirrinka. A ciki ka kunna "USB debugging", ka haɗa wayar da kwamfutar da aka sa wa Platform Tools, kayan aikin Google da ADB ke ciki, ka amince da tambayar da za ta fito a fuskar wayar. Umarnin da nake fara amfani da shi shi ne adb shell pm disable-user --user 0 sai sunan manhajar na ciki, wanda galibi ke farawa da com. Wannan daskarar da ita yake yi. Akwai mai zafi, pm uninstall -k --user 0, wanda ke cire ta daga gabanka, kuma ana dawo da ita da cmd package install-existing. Ka lura, ko wannan na biyun bai goge ta daga ainihin ma'ajiyar tsarin ba, shi ya sa ba za ka ga wani fili mai yawa ya ƙaru ba, kuma ranar da aka yi wa wayar wankan masana'anta, wato aka share ta ta koma yadda ta zo daga kamfani, duk za su dawo. Ni a wajena wannan alheri ne, don yana nufin kuskure na da magani.

Na san ba ka da laftof a rumfa. Tunda wayarka ta wuce Android 11, tana da "Wireless debugging", ita da kanta za ta yi aikin kwamfutar. Za ka sauko da Shizuku, manhajar da ke ba wasu manhajoji ikon ADB a cikin wayar, ka haɗa wayar da wayfay, ko da hotspot ɗin maƙwabcinka mai tattasai ne, ka zaɓi haɗawa da lamba, wayar ta ba ka lambobi 6 ka rubuta su a sanarwar Shizuku. Daga nan sai manhajar Canta ta hau kanta ta jero maka duk abin da ke cikin wayar, da alamar wanda ba laifi a cire da wanda ke da haɗari. Tsaya a kan masu alamar "Recommended", su ma waɗanda ka gane kaɗai. Galibi in wayar ta mutu ta sake kunnuwa sai an sake tayar da Shizuku, amma abin da ka riga ka cire yana nan a cire.

A nan ne mutane ke ɗebo ruwan dafa kansu. Kwanakin baya wani matashi mai sana'ar POS a Agege ya shigo shagona da yamma, gumi ya jiƙa masa riga, ya ajiye waya a kan tebur bai ko yi sallama ba. Ya kalli wani bidiyo, ya bi jeri yana cirewa, har da allon rubutun da ya zo da wayar, wai zai sa wani mai kyau daga baya. Kafin ya sa, caji ya ƙare. Da ta kunnu sai ta nemi kalmar sirri, tasa kuma ta haruffa ce ba lambobi ba. Ga wurin rubutu, ga ɗan layin na ƙyaftawa, babu abin rubutawa. Kuɗin mutane na ciki. Wani ya riga ya ce masa sai fulashin, wato a share komai. Na jawo akwatin tarkace, na zaro ɗan mahaɗin OTG, mai haɗa waya da kayan kwamfuta, na cire allon rubutun tsohuwar kwamfutar shago na soka a gindin wayar, na juya masa shi na kau da kai. Ya buga haruffansa da yatsa ɗaya, wayar ta buɗe. Sai da ya zauna a kan benci ya sha ruwan leda biyu kafin ya iya magana. Shi ya yi sa'a. Wanda ya cire System UI, wadda ke zana sanarwa da fuskar kulle, ko manhajar saituna ko ta gaban waya ba tare da madadi ba, wayar na iya shiga kunnuwa da mutuwa ba tsayawa, kuma sau da yawa ƙarshenta sharewa. Saboda haka ɗaya-ɗaya ake yi: ka daskarar da guda, ka rubuta sunanta a takarda, ka yi kira, ka ɗauki hoto, ka buɗe banki, sannan ka matsa gaba. Duk abin da sunansa ya fara da com.android ko ya ƙunshi kalmar provider ko telephony, ka bar shi inda ka gan shi.

Tunda ka shiga "Developer options", za ka ga abubuwa da yawa masu jan hankali. Ma'aunai uku masu ɗauke da kalmar "scale", na motsin buɗewa da rufewa, in ka mayar da su 0.5x wayar za ta yi kamar ta ƙara sauri. Injin bai ƙara komai ba, rangwaɗar ce aka rage, amma hannu na jin bambancin. "Smallest width" ma na nan, wanda a wayoyi da yawa 360 ne, ƙara shi kaɗan na sa abubuwa su ƙanƙance, sai dai ka rubuta lambar asali kafin ka taɓa, kuma kada ka yi tsalle mai nisa. "Force 4x MSAA" da 'yan TikTok ke cewa yana sa wasa gudu, zafi da shan caji kawai yake ƙarawa. "Don't keep activities" kuwa shi ne zai sa ka fita daga manhajar banki ka kwafo lambar asusu, ka dawo ka tarar komai ya goge.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Wasu manhajojin banki ba sa buɗewa muddin "Developer options" na kunne, kuma a wayoyi da yawa kashe shi na mayar da waɗancan ma'aunai yadda suke tun farko. In naka bankin na cikinsu, kada ka yi jayayya da shi. Gama cire abin da za ka cire, ka kashe, sannan ka je "Accessibility" ka kunna "Remove animations", kusan sakamako ɗaya ne ta ƙofar gaba. Ko bankinka bai damu ba, kada ka bar "USB debugging" a kunne, musamman kai da kan bar waya wajen masu cajin kuɗi in an ɗauke wuta.

Tunda na ambaci "Accessibility", wannan izinin ya fi rutin ba ni tsoro a hannun wanda bai sani ba. An yi shi ne don makafi da masu lalurar hannu, saboda haka manhajar da aka ba shi na iya karanta abin da ke fuskar waya ta kuma danna maɓalli da kanta, har da lambar sirrin da banki ke turowa. Android 13 na toshe shi ga manhajar da aka saka daga waje, ta nuna "Restricted setting". In wata manhajar bashi ko ta kallon ƙwallo kyauta ta ce ka bi wasu matakai ka buɗe mata, goge ta nan take. Haka WhatsApp ɗin da aka yi wa kwaskwarima, ana rufe wa mutum asusunsa na WhatsApp a kansa. In layi biyu kake so, tun 2023 WhatsApp ta asali ke ɗaukar asusu biyu, ga kuma "App Twin" a Tecno da "Dual Messenger" a Samsung.

Akwai abubuwan da hanyoyin nan ba za su ba ka ba, kamar sauya tambarin da ke fitowa in waya na kunnuwa, ko ɗora mata sabon Android bayan kamfani ya daina aiko da sabuntawa. Mai sha'awar wannan ya nemi tsohuwar waya ta biyu wadda ba banki a ciki, ya yi ta gwaji, haka mu ma muka koya. In kuma wayarka ta biyan kaɗan-kaɗan ce, akwai manhajar masu bashin a ciki da ke kulle ta in an yi jinkiri. Kada ka taɓa ta, kada ka bari wani ya taɓa, ka gama biya su sake ta da kansu.

Kada ka yi wannan aikin da safiyar da motar albasa ta iso daga Sakkwato, ba a fafe gora ranar tafiya. Bari ranar da kasuwa ta lafa, ka fara adana lambobinka da hotuna a asusun Google, ka gyara batun batir da DNS ɗin, ka ba su kwana biyu ka gani. In har yanzu akwai manhajojin da suka tsaya maka a rai, turo mini sunan wayar da lambar samfurinta daga "About phone", tare da hoton jerin da Canta ta nuna, in yi maka alama a kan waɗanda za ka daskarar.